Sharhi kan wurin kai ƙarar kurakuran Python a GitHub: ƙofa a buɗe, layi da tsawo

Duk mai cin abinci da Python, harshen rubuta manhajoji, a Accra, ko a ofis yake a Osu ko a ɗakinsa a Nima, wata rana zai ci karo da abin da zai rantse laifin Python ne, ba nasa ba. Wurin kai wannan ƙara shi ne shafin python/cpython a GitHub, dandalin intanet da ake ajiye kod. Kod ɗin ya koma can tun 2017, rahotannin kurakurai kuma suka bi shi a watan Afrilun 2022, aka bar tsohon bugs.python.org sai dai a karanta. Na yi aiki da tsarin, ta wajen kai rahoto da ta wajen aika gyara, kuma ga hukuncina tun yanzu: kyauta ne, a fili ake yin komai, injinan gwajinsa abin yabo ne, amma samun wanda zai duba aikinka shi ne inda gizo ke saƙa.

Kafin a kai ga ƙara, a san cewa rumbun da Python ke zuwa da shi, wato su csv, json, datetime, zoneinfo da duk abin da ba sai an sauke da pip ba, ya ga jiya ya ga yau. Yawancin abin da ke ba mu haushi a Zango hali ne da aka san da shi, har an rubuta shi a littafin bayani. Rubuta "ma'aikata".title() ka ga abin da zai fito: Ma'Aikata. Jama'a kuma ta zama Jama'A. Dalili shi ne title() tana ɗaukar duk abin da ba harafi ba a matsayin ƙarshen kalma, har da alamar da ke tsakiyar ma'aikata. Maganinsa string.capwords(), wadda ke raba kalmomi ta wajen fili kawai. Haka wanda ya buɗe fayil a Windows bai faɗi encoding="utf-8" ba, ya zuba ƙ da ɗ da ɓ, ko ɛ da ɔ na sunayen maƙwabtanmu, ko alamar sidi ₵, zai sha UnicodeEncodeError, domin tsarin haruffa na cp1252 da Windows ɗinmu ke amfani da shi bai san waɗannan haruffa ba. ZoneInfo("Africa/Accra") ma takan faɗi a Windows, ba don an manta da Ghana ba, sai don Windows ba ta da kundin lokutan da zoneinfo ke karantawa. Pip install tzdata ya kashe maganar. Mai lissafin sidi da pesuwa da ya ga round(2.675, 2) ta ba shi 2.67 kuwa, decimal yake buƙata. Duk waɗannan, in ka kai su, za a rufe rahoton cikin ladabi a nuna maka shafin bayani. A nan ba su da jinkiri ko kaɗan.

Akwai kuma bambanci tsakanin kuskure da sabon abu, kuma shi ne ya fi cizon mutane. Misali datetime.fromisoformat(): kafin 3.11 ba ta karɓar lokacin da ya ƙare da harafin Z, irin wanda hanyoyin biyan kuɗi ta waya da dama ke turowa. Ga mai amfani wannan aibi ne ƙarara. Ga masu kula da Python kuwa, an gina ta ne a 3.7 don ta karanta abin da isoformat() ta rubuta, ba fiye ba, saboda haka faɗaɗa ta sabon abu ne. Sabon abu reshen main, inda ake gina siga mai zuwa, kaɗai yake shiga, ba a mayar da shi tsofaffin sigogi. Wanda ke kan 3.10 har gobe sai ya maye Z da +00:00 da hannunsa. Ban ji daɗin wannan doka ba, amma na fahimce ta: miliyoyin manhajoji na tsaye a kan halin da ake da shi.

Fom ɗin rahoton gajere ne. Yana tambayar bayanin kuskuren, sigogin da ka gwada, da tsarin kwamfutarka. Abin da ke raba rahoton da za a ɗauka da wanda zai kwana shekaru shi ne kod ɗin da ka liƙa. Ya zama layuka kaɗan da kowa zai kwafa ya kunna, babu Django, babu pandas, babu fayil ɗin da ke kwamfutarka kai kaɗai. Ka rubuta abin da ya fito da abin da ya kamata ya fito, saƙon kuskuren kuma a liƙa shi gaba ɗaya a rubuce, ba hoton allo da aka ɗauka da waya ba, don ba a iya bincika hoto. Kunna shi da python -I tukuna: sau da yawa matsalar wani fayil ne naka mai suna random.py ko csv.py da ya tare wa na gaskiya hanya. In Python ɗin ne ke mutuwa ɗungurungum babu saƙo, ƙara -X faulthandler don a ga inda ya faɗi. In abin yana aiki a 3.12 ya lalace a 3.13, faɗi haka a layin farko, domin irin wannan ake fi ba muhimmanci. Ka bincika rufaffun rahotanni ma, har da tsofaffin da aka kwaso daga tsohon shafi. Ramin tsaro kuwa ba a kai shi bainar jama'a, security@python.org ake aika wa.

Ɓangaren gyara shi ne na fi yabawa, kuma devguide.python.org ya shimfiɗa shi dalla-dalla. Tarihin kod ɗin yana da nauyi, ɗaruruwan megabait, don haka mai sayen data da MoMo ya sa --filter=blob:none wajen git clone. Ya fi --depth 1 amfani, tunda yana barin tarihin da git bisect ke buƙata wajen gano canjin da ya kawo ɓarna. Sai ./configure --with-pydebug, sai make -j4. Ga tarkon da ke nan: in babu su libssl-dev, libsqlite3-dev, libffi-dev, zlib1g-dev, libbz2-dev da liblzma-dev, make zai gama lafiya lau, sai dai a ƙarshe ya lissafo sassan da bai gina ba, gwaje-gwajensu kuma a tsallake su shiru, kai kana ganin komai ya wuce. Karanta waɗannan layukan na ƙarshe.

Gwaji ake fara rubutawa, a cikin Lib/test, ka ga ya faɗi da idonka ta ./python -m test test_csv -v, sannan ka taɓa kod. Gwajin da bai taɓa faɗi ba bai tabbatar da komai ba. A kula da tagwaye: decimal, datetime, pickle, json da io kowannensu yana da sigar Python a Lib da sigar C a Modules, kuma dokar PEP 399 ta ce su yi hali ɗaya. Mutum zai gyara _pydecimal.py ya rasa dalilin da ba abin da ya canza, ashe ta C ce ke aiki. In ka taɓa C, ƙara -R 3:3 don kama yoyon ƙwaƙwalwa, in kuma ka canza abin da wani function na C ke karɓa, sai make clinic. Ba dole ba ne ka kunna dukan gwaje-gwaje a tsohuwar kwamfutarka kana fargabar dumsor, wato ɗauke wuta. Da ka buɗe PR, wato buƙatar a haɗa gyaranka, injinan GitHub za su gwada a Linux da Windows da macOS ba ka biya ko pesuwa ba.

Abu uku ke hana PR motsi tun ranar farko: ba a sa hannu a yarjejeniyar masu ba da gudummawa ba, kan maganar bai fara da gh- da lambar rahoton ba, ko babu ɗan labarin canjin a Misc/NEWS.d/next/Library, wanda ake rubutawa da blurb. Bot mai suna Bedevere ne ke tsare ƙofar, shi ke liƙa alamar jiran dubawa ko jiran gyara. In an nemi ka canza wani abu, akwai jimla takamaimai da zai ba ka ka kwafa bayan ka gama. In ba ka liƙa ta ba, alamar ba za ta juya ba, ka zauna kana jira alhali a wurinsu kai ake jira. Kada ka yi force-push, wato sake rubuta tarihin gyaranka da ƙarfi, bayan an fara dubawa, yana rikita wa mai duba lissafi, kuma su da kansu za su dunƙule komai wuri ɗaya wajen haɗawa.

Sai jira. Buɗaɗɗun rahotanni dubbai ne, PR masu jiran ido sun haura dubu, masu ikon haɗawa kuma mafi yawansu aikin sa kai suke yi. Kamar trotro ne a tashar Circle: ka samu kujera, amma tashi sai ta cika. Ƙa'idarsu ita ce in wata guda ya wuce ba wanda ya tanka, ka yi tuni a kan rahoton, in mako ya sake wucewa ka kai maganar discuss.python.org. Saurin ya danganta da ko sashen yana da mai shi. Devguide yana da jerin gwanayen kowane sashe, kuma akwai sassan da gurbinsu fayau yake. Aibin tarfile, inda kunshi ke iya zuba fayil a wajen jakar da aka nufa, an ba shi lambar CVE, wato lambar rajistar ramukan tsaro, tun 2007, matattarar da ke toshe shi ba ta zo ba sai cikin 2023, ba ta zama ta asali ba sai a 3.14. Wasu sassan ma ba a gyara su ba, sallamarsu aka yi: 3.13 ta cire guda 19, cikinsu har da cgi, telnetlib da imghdr.

Ko an haɗa gyaranka, kada ka goge dabarar da ka yi amfani da ita wajen kauce wa kuskuren. Bot Miss Islington na kwafar gyara zuwa rassan da har yanzu ake gyarawa, in ya ci karo kuma kai za ka yi da cherry_picker. Amma kowace siga, daga 3.13 zuwa sama, shekara biyu take samun gyaran kurakurai, shekara ukun da ke biyo baya na gyaran tsaro ne kawai. Ubuntu 24.04 da ke kan sabobi da yawa tana zuwa da 3.12, 22.04 kuma da 3.10, dukansu sun riga sun shiga zangon tsaro. Gyaran da ka sha wahala a kai ba zai iso sabar da kake haya ba sai ka ɗaga sigar Python ɗin da kanka.