Sikelin aksil na jikin tirela: ra'ayina bayan na yi amfani da shi

Masu tirela da ke tambaya ko wannan sikelin da ake ɗaurawa a jikin mota ya cancanci kuɗinsa, amsata e ce, amma da sharaɗi. Yana auna matsin iskar da ke cikin jakunkunan da ke riƙe da bodi ne, sai ya turo maka nauyin kowane aksil, wato kowane layin taya, a waya tun ana cikin lodi. In motarka mai sifirin ce zalla to wannan samfurin ba naka ba ne, kar ma ka ɓata kuɗinka.

Abin da ya fi burge ni shi ne yana nuna maka inda kaya suka taru, don sau da yawa jimillar lodi daidai take amma an jibge rabi a kan aksil ɗaya, kuma wallahi nan ne kwalta ke cin wuya. Gwajin AASHO, wato gwajin hanya na ƙungiyar jami'an hanyoyin jihohin Amurka, da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna in ka ninka nauyin aksil sau 2, ɓarnar da yake wa hanya tana ninkuwa kusan sau 16. Shi ya sa ƙaramar mota kusan ba ta cikin lissafi, mu ne masu cin titi, ko mun ƙi ko mun so. Kuma ƙasashe sun daɗe da gane haka, Suwizalan tun 2001 take cajin manyan motoci gwargwadon nauyi da kilomita, Jamus ma ta fara nata cajin a 2005, har yawan aksil ana dubawa. Ni dai ban ga zalunci a ciki ba gaskiya, in ba a yi haka ba mai ƙaramar mota da mai biyan haraji ne za su riƙa biyan gyaran ramin da mai obalodi ya haƙa.

Matsalarsa saiti. Sai ka je babban sikeli ka auna motar ba kaya, ka sake aunawa da kaya kafin ya fara faɗin gaskiya, kuma in ba a shimfiɗaɗɗen wuri ka tsaya ka saki burki ba lambar rawa kawai take yi. Manhajar ma takan yanke da waya wani lokaci, abin haushi. Sannan jami'an awo ba ruwansu da abin da wayarka ta ce, nasu sikelin ne hujja, don haka ka riƙa barin ɗan rara. Na ba shi 4 cikin 5.