Sharm El-Sheikh ko Dutsen Annabi Musa: Amsa ga Hajiya Mai Rarar Kwana Uku

Hajiya, kin ce bayan bikin yaye ɗanki a Alƙahira za ku samu rarar kwana uku, ke da Alhaji da ƙananan yara biyu da Inna, kina tambaya ko ku tafi Sharm El-Sheikh ku huta, ko ku nufi Jabal Musa. Allah Ya sanya albarka a karatun. Na je wuraren biyu, duka a yankin Sinai suke, tafiyar kamar awa uku ce a mota tsakaninsu, amma abin da kowanne yake nema a jikin mutum ya sha bamban.

Sharm ba ya neman komai a wurinki sai kuɗi. Gari ne na otal-otal a bakin Bahar Maliya, kuma dukiyarsa tana ƙarƙashin ruwa: murjani da kifaye masu launi iri-iri, musamman a Ras Muhammad, gandun da gwamnatin Masar ta killace tun 1983. Ko ba ku iya iyo ba, akwai jiragen ruwa masu gilashi a ƙasa, Inna tana zaune a inuwa za ta ga komai, yara kuwa sai kin yi da gaske kafin su yarda a sauka. Da dare ku zaga tsohuwar kasuwa, ku yi sallah a Masallacin Sahaba da aka buɗe a 2017, gini ne mai ɗaukar ido.

Sai dai zan faɗa miki gaskiya, domin na san gidan da kika fito. Yawancin baƙin garin Turawa ne, shigar bakin ruwa irin tasu suke yi, kuma otal da yawa ana sayar da giya a fili, musamman wajen Na'ama Bay. Kafin ku biya, ku tambayi otal ɗin ko na iyali ne, ko yana da lokaci ko wurin wanka na mata. Wannan tambayar ta fi ta farashi muhimmanci.

Dutsen kuwa ƙafarki yake nema, da numfashinki, da barcin dare guda. Tsayinsa mita 2,285. Ana fara hawa wajen ƙarfe ɗaya ko biyu na dare, tare da ɗan jagora daga Larabawan ƙauye na ƙabilar Jabaliyya, don ba a barin baƙo ya hau shi kaɗai. Hanya biyu ce. Akwai ta raƙuma mai zagaye, wadda mutum mai matsakaicin ƙarfi zai ci cikin awa biyu da rabi zuwa uku. Akwai kuma ta matakala 3,750 da ake cewa wani limamin Kirista ne ya sassaƙa, tsaye take cak, ban ba ki shawarar binta da dare ba. Mutane na ruɗuwa da zancen raƙumi, suna zaton har ƙoli zai kai su. A'a, raƙumi yana tsayawa ne a inda matakala 750 na ƙarshe suka fara, kuma waɗannan dole ƙafa ce za ta taka su. A nan ne na ga manya suna zama kan dutse suna haki, wasu ma su haƙura.

Ga sanyi. Kada zafin Sharm ya yaudare ku ku tafi da kaya marasa nauyi. A watannin Disamba zuwa Fabrairu sanyin ƙolin yakan kai ruwa ya daskare, wani lokaci har ƙanƙara ta sauka, ya wuce duk wani hunturu da muka sani. Akwai rumfunan shayi a hanya, ana kuma ba da hayar bargo a sama, amma safa da rigar sanyi da tocila daga gida za ki zo da su.

To me ake samu bayan duk wannan wahala? Ni dai na yi sallar asuba a gefen ɗan masallacin da ke ƙolin, hannuwana na rawa, sannan rana ta fito a kan duwatsu jajaye da ba a ganin iyakarsu, mutane daga ƙasashe barkatai kowa ya yi tsit. Duk wanda ya taso yana karanta “Wa ɗuri sinina” a allo, zuciyarsa za ta motsa a wurin. Malamai da masana tarihi sun saɓa kan ko ainihin wannan ne dutsen da Allah Ya yi magana da Annabi Musa (AS), don haka ki je da niyyar tunani da ganin ikon Allah, ba ibada ce ta musamman ba. A gindinsa kuma akwai gidan ibadar Kirista na Sant Katrin, wanda aka gina a ƙarni na 6 zamanin Sarkin Rum Justiniyan, da masallaci a cikin harabarsa tun zamanin Faɗimiyyawa. Da safe kaɗai ake buɗe shi, ba kuma kowace rana ba, sai ku tambaya tun kafin ku tashi.

Idan ni kaɗai ce, dutsen zan zaɓa ba tare da dogon tunani ba, domin otal mai kyau ana samunsa a ƙasashe da yawa. Amma ke da Inna da yara ne, kuma ban yarda a ɗora dattijuwa mai ciwon gwiwa ko hawan jini a kan waɗannan matakala cikin duhu ba. Ku sauka a Sharm gaba ɗaya. A daren farko ke da Alhaji, in lafiyarku ta ba da dama, ku bi motar da ke tashi wajen ƙarfe tara ko goma, ku hau, ku dawo bayan azahar, ɗan naku ya zauna da kakarsa da ƙannensa. Kada ku bar hawan sai daren ƙarshe, domin cinyoyi za su yi tsami kwana biyu, gara tsamin ya same ku a bakin ruwa da ya same ku a kujerar jirgi.