Labarin Kyaftin Nemo: wane bugu ya dace ka saya wa yaro?

Littafin Jules Verne na tafiyar ƙarƙashin teku, wanda ake sayarwa da sunan 20,000 Leagues Under the Sea, yana cikin littattafan da iyaye kan saya da kyakkyawar niyya. Yaro ya karɓa da murna saboda dodon da ke bango, bayan kwana biyu a tsinci littafin a bayan kujera, bai ko wuce babi na uku ba. Sai a ce yaran yanzu waya ta lalata su. Wani lokaci haka ne, amma sau da yawa bugun da aka saya ne bai dace da shi ba. Littattafai ne daban-daban ke yawo a kasuwa da wannan suna ɗaya, wani shafi 30, wani ya haura 400, kuma mai shago ba lallai ya san bambancinsu ba.

Da Faransanci aka rubuta shi. Ya fara fitowa kashi-kashi a mujallar yara da iyali ta mawallafi Pierre-Jules Hetzel daga Maris 1869 zuwa Yuni 1870, sannan a 1871 aka fitar da babban bugu mai zane 111 na Alphonse de Neuville da Édouard Riou. Labarin ya soma a 1866, lokacin da jiragen ruwa suka riƙa gamuwa da wani abu da aka ɗauka dodon teku ne. Amurka ta tura jirgin yaƙi ya farauto shi, a ciki akwai Farfesa Aronnax masanin halittun ruwa, da baransa Conseil, da Ned Land ɗan Kanada, gwanin jifan manyan kifaye da mashi. Dodon ashe jirgi ne mai nutso, tsawonsa mita 70, sunansa Nautilus, yana tafiya da lantarki. Mai shi, Kyaftin Nemo, ya ceci mutanen uku daga halaka sannan ya shaida musu ba za su sake taka ƙasa da 'yancinsu ba. Lambar 20,000 ɗin nan nisan tafiya ce, kimanin kilomita 80,000, wato kusan zagaye duniya sau biyu. Yara da yawa kan ɗauka zurfi ake nufi, kuma gara a warware musu tun farko.

Kafin a kai ga wane bugu, sai an san inda yaro ke tsayawa. Wuri na farko shi ne farkon littafin: a cikakken bugu sai a babi na 10 Nemo yake buɗe baki ya yi wa baƙinsa magana da harshen da suke ji. Kafin nan jaridu ne da muhawarar masana da dogon sintiri a tekun Fasifik. Ɗan shekara goma da aka yi wa alkawarin dodo ba ya da wannan haƙurin. Wuri na biyu shi ne jerin kifaye. Aronnax da Conseil sukan zauna gaban tagar gilashin jirgin, Conseil ya hau lissafo dangi da aji da jinsin kowane kifi da ya gifta, shafi guda, wani lokaci biyu. Verne da mawallafinsa sun yi haka da gangan don mujallar ta koyarwa ce, amma ko babba sai ya yi hamma. Abin dariyar shi ne Conseil ya haddace rabe-raben kifaye kaf amma in an nuna masa kifin ba zai gane shi ba, shi kuwa Ned Land ya san kowane kifi da ido, rabonsa biyu ne kawai, wanda ake ci da wanda ba a ci. Yara kan bi bayan Ned nan take. Shi ne mai jin yunwa, mai fushi, mai ƙulla dabarar gudu kullum.

Inda kuma suke kamuwa ba ya canzawa sosai: tafiya da ƙafa a dajin ƙarƙashin ruwa cikin rigar nutso, kifin shak da ya afka wa mai tsintar lu'ulu'u a gaɓar Silon (Sri Lanka ta yau), lokacin da ƙanƙara ta rufe jirgin ta ko'ina a ƙuryar kudancin duniya iska ta fara ƙarewa, da faɗan da aka yi da gatura da dodannin nan masu hannuwa barkatai. Babin ƙanƙarar ya fi kama yaro fiye da na dodon da ake zanawa a bango, domin ko wanda bai taɓa ganin teku ba, kamar yawancin yaranmu na Kano ko Damagaram, ya san abin da ake nufi da numfashi ya gagara.

To, zaɓi na farko, wanda kuma aka fi faɗawa tarkonsa, shi ne cikakken bugun Turanci mai araha. Za ka gan shi da bango mai ƙyalli, takarda mara kauri, rubutu ƙanana kamar tururuwa, babu sunan mai fassara ko ɗaya. Mafi yawan irin waɗannan fassarar Lewis Mercier ce, wani limamin coci ɗan Ingila da ya yi aikin a farkon shekarun 1870. Haƙƙin mallakarta ya daɗe da ƙarewa, shi ya sa duk mai injin ɗab'i yake bugawa ba ya biyan ko sisi. Mercier ya zubar da fiye da kashi ɗaya cikin biyar na littafin, abin da ya bari kuma cike yake da kurakurai. A wani wuri da aka kunna wuta a tsibiri da gilashin tara hasken rana, fassararsa ta ce da ƙwayar wake aka kunna. Rigar nutso ta zama rigar hana nutsewa. Alƙaluman da Verne ya yi wahalar lissafawa sun hargitse, har aka daɗe a Ingila da Amurka ana zarginsa da rashin sanin kimiyya alhali laifin na mai fassara ne. Mafi muni, ya cire wuraren da ke nuna ko wane ne Nemo, ciki har da hotunan 'yan gwagwarmayar 'yanci irin su Abraham Lincoln da John Brown da ke rataye a ɗakinsa. Turancin kuma na zamanin Sarauniya Biktoriya ne, mai nauyi ko ga ɗalibin jami'a. Wannan bugu ba shi da sauƙin taƙaitacce, ba shi kuma da cikar cikakke. Ban ga yaron da ya dace da shi ba.

Gane shi ba wuya. Buɗe shafin jerin babi ka ƙirga. Littafin asali kashi biyu ne, na farko babi 24, na biyu 23. In ka ga kashin farko ya tsaya a 23, ajiye. Haka in jimlar farko ta labarin tana ɗauke da kalmar signalised, Mercier ne. In mai shago ya naɗe littafin a leda ya hana buɗewa, duba bayan bango ko akwai sunan mai fassara. Babu suna, babu ciniki.

Cikakkun fassarori na zamani su ne zaɓi na biyu. Akwai ta Walter James Miller da Frederick Paul Walter ta 1993, da ta William Butcher ta 1998 a jerin Oxford World's Classics, da ta David Coward ta 2017 daga Penguin Classics. Sun fi tsada, sun fi wuyar samu a kantunanmu, sau da yawa sai an yi oda. Ta Butcher tana da bayanai masu yawa a ƙarshe, ta fi dacewa da malami ko ɗalibin da ke son bin diddigi. Duk cikinsu Turancin ya fi na Mercier gudana nesa ba kusa ba, kuma barkwancin Verne yana fitowa. Waɗannan na ɗan babbar sakandare ne, shekara 14 zuwa sama, wanda ya riga ya saba gama littafi mai kauri. Ko shi ma a ba shi izini ƙarara ya tsallake jerin kifaye. Wasu malamai ba sa son jin wannan, suna ganin kamar ha'inci ne. Ni dai gara yaro ya tsallake shafi 20 ya kai ƙarshe da ya karanta kowane layi ya mutu a tsakiya.

Dalilin da ya sa nake nacewa matashi ya samu cikakken shi ne Nemo kansa. Ƙaramin yaro jirgin yake so. Matashi kuwa mutumin ne ke damunsa. Ga shi da ɗakin karatu mai littafi 12,000, yana kuka a kan ma'aikacinsa da ya mutu har ya binne shi a maƙabartar murjani a ƙasan teku, yana kwaso zinariyar jiragen Sifen da suka nutse a gaɓar Vigo a 1702 yana aika wa waɗanda ake zalunta. Shi ɗin ne kuma, dab da ƙarshe, ya soke wani jirgin yaƙi ya tsaya a taga yana kallon mutanen ciki suna nutsewa, sannan ya shiga ɗaki ya durƙusa gaban hoton wata mata da 'ya'ya biyu. Littafin bai faɗi ƙasarsa ba. Verne ya so ya mai da shi ɗan Polan da Rashawa suka kashe wa iyali, Hetzel ya ƙi saboda gudun ɓata wa Rasha rai, sai a wani littafi na baya aka bayyana shi a matsayin ɗan sarki daga Indiya da ya yaƙi Turawan Ingila a boren 1857. Ka ba 'yan aji biyar na sakandare wannan ka tambaye su ko Nemo jarumi ne ko mai kisan kai, za ka ga ajin ya rabu biyu, kuma masu kare shi ba su da kaɗan. Wannan gardamar ita ce ribar littafin a wannan shekarun.

Taƙaitattun bugu su ne na tsakiya, kuma su ne suka dace da mafi yawan yara 'yan shekara 9 zuwa 13. Iri biyu ne. Akwai waɗanda aka sake rubutawa don yaran da Turanci harshen gidansu ne, kamar Great Illustrated Classics mai manyan baƙaƙe da zane a kusan kowane buɗi, wanda ake yawan samu cikin littattafan gwanjo, da jerin Classic Starts. Akwai kuma na masu koyon Turanci, da kamfanonin ɗab'i na Oxford da Pearson ke fitarwa mataki-mataki, an ƙayyade yawan kalmomin kowane mataki, da ma'anoni da tambayoyi a baya. Ga yaron da Hausa yake yi a gida, Turanci sai a aji, na biyun sun fi, ko da yake labarin kan fito a bushe. Gwajin da ya fi kowane tambari a bango shi ne ka sa yaron ya karanta shafi ɗaya daga tsakiya a gabanka. In ya yi tuntuɓe da kalma fiye da biyar, sauka mataki ɗaya.

Abu guda za ka duba a kowane taƙaitacce, wato ƙarshensa. Wasu sun share nutsar da jirgin yaƙin ko sun wuce shi a layi ɗaya, Nemo ya koma wani kawu mai kirki da ke yawo da baƙi yana nuna musu kifi. In haka ne, yaro ba zai gane abin da ya sa Aronnax, wanda da farko ba ya son barin jirgin, ya yarda su gudu cikin dare har suka faɗa mahaukacin ruwan nan mai juyawa a gaɓar Norwe ba.

Ƙasa da shekara 9, littafin zane ya wadatar, ko kuma babba ya karanta taƙaitaccen ya riƙa ba da labarin da Hausa da dare. Sai dai ka shirya jin tambayar ina ɗan kifin yake, domin yaran da suka tashi da katun wani Nemo daban suka sani.

Yaran Nijar da Kamaru da Chadi da ke karatu da Faransanci sun huta da matsalar fassara. Su Verne ɗin kansa za su karanta, kuma bugun aljihu na Le Livre de Poche yana ɗauke da tsofaffin zanen nan na 1871, waɗanda har yau ba a yi waɗanda suka fi su ba. A can ma akwai taƙaitattu na makaranta, kuma bango yakan faɗa in an taƙaita. Wanda kuɗi ya yi wa ƙaranci kuma, shafin intanet na Project Gutenberg na da littafin kyauta da Faransanci da Turanci, na LibriVox kuma na da shi a murya. A nan ma a lura, domin ta Mercier da ta Walter duk suna can. A nemi mai sunan F. P. Walter.

Game da tarbiyya, babu batsa, babu soyayya, hasali ma babu mace mai magana a littafin gaba ɗaya, abin da 'yan mata kan lura da shi tun kafin a faɗa musu. Akwai mutuwa, akwai babin da Nemo ya yi wa garken manyan kifaye kisan gilla har teku ta yi ja. Akwai kuma babin da jirgin ya maƙale kusa da Papuwa, inda ake kiran mutanen tsibirin da sunan 'yan daji marasa wayewa, irin kallon da Bature na 1869 ke yi wa baƙar fata. Kada a ɓoye wa yaro wannan babin, a zauna a yi maganarsa, musamman da yake Nemo da kansa ya mayar wa Aronnax martani cewa irin waɗannan da yake kira marasa wayewa babu ƙasar da ba a samunsu.

Yaro mai tambaya zai so sanin me ke gaskiya. Ramin da Nautilus ya bi daga Bahar Maliya zuwa Bahar Rum ƙirƙira ce, ko da yake a Nuwamban 1869, ana tsaka da buga labarin, aka buɗe mashigin Suwez. Ƙuryar kudu ba a isa gare ta ta ruwa, nahiya ce da ƙanƙara ta lulluɓe, kuma sai a 1911 Roald Amundsen ya taka wurin. Jirgin Amurka mai nutso na farko da ya yi aiki da nukiliya kuwa Nautilus aka sa masa, ya kuma ratsa ƙarƙashin ƙanƙarar ƙuryar arewa a 1958. Don haka in kuɗinka ya kai, haɗa masa da taswirar duniya ko da ta bango ce mai araha, ya riƙa bin hanyar jirgin da fensir babi bayan babi. In kuwa littafi ɗaya kawai za ka iya saya wa gida mai yara da yawa, ɗauki taƙaitacce mai kyau wanda bai yanke ƙarshen ba, babban cikinsu ya sauke fassarar Walter a waya.