Gargaɗi ga masu son haɗa kwamfutoci a gida don buga gem

Jama'a don Allah ku tura wa 'yan uwa. Akwai wani gaye da ke yawo a guruf ɗin 'yan gem na WhatsApp nan Kano yana tallar wani ɗan akwati wai sabar gem ce, wai in babu ita kwamfutocinku ba za su ga juna ba balle ku buga Counter-Strike 1.6 ko Need for Speed Most Wanted tare. Wallahi damfara ce tsagwaronta. Ƙanin abokina ya saya, da aka ɓare sitikar da ya manna a kai sai ga tsohon switch, wato akwatin da ake soka wayoyin kwamfutoci don a haɗa su, mai rami 8, irin mai ƙaramin gudun nan 10/100 da ofisoshi suka yar tuntuni, ko gudun Gigabit bai kai ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne kuɗin wata da yake karɓa wai na sabunta layi. Wane layi kuma? LAN fa, wato haɗa kwamfutoci a wuri ɗaya, ba ruwansa da data ko intanet, abin da kuke buƙata switch ne ko ma router ɗin gidanku, kowa ya soka wayar kebul ɗinsa, in router ce ita za ta raba IP, wato lambar adireshin kowace kwamfuta, da kanta, in switch ne ku sa da hannu, wannan 192.168.1.2 wancan 192.168.1.3, mutum ɗaya ya buɗe gem sauran su shigo, in ba ku ga juna ba yawanci Firewall, wato shingen tsaron Windows, ne ya tare. Kwamfuta biyu ma wayar kebul ɗaya ta ishe su. Shi ke nan fa, ba wanda ake biya ko sisi.

Wayar kebul ɗin ma da ya ba ƙanin abokina da abokan wasansa an rubuta Cat6, wato irin mai kyau ta jan ƙarfe, amma da aka kankare jan sai ga fari a ciki, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe. Ta gaske tana kai mita 100 lafiya, wannan daga ɗaki zuwa falo tana yankewa ana tsakiyar wasa.

Sannan ya sa musu AnyDesk, manhajar da ke ba mutum damar shiga kwamfutarka daga wani wuri, wai don gyara daga nesa, yaran nan kuwa da Gmail da Facebook ɗinsu duk a buɗe a laftof. In ya taɓa taɓa laftof ɗinku ku goge AnyDesk ɗin yau, ku canja fasuwod. Lamba yake canjawa, don haka kar ku tsaya neman suna, salon tallar za ku gane, kuma kullum sai ya ce a tura rabin kuɗi kafin ya zo.