Likitan bisashe na Bukoki da haihuwar mussar da aka ba ni riƙo

Masu tambayata ina na samu likitan da ya duba mussar nan, to wani ɗan kantin magungunan bisashe ne a Bukoki, nan Yamai. Kana shiga ka san ba don mussa aka buɗe shi ba, duk maganin tsutsar tumaki ne da bitamin ɗin kaji da gishirin lasa, masu kiwon ragunan layya su ne manyan masu sayayya. Amma likitan ya san aikinsa kuma yana ɗaga waya ko tsakar dare ne, wannan kaɗai ya isa in ce ku je.

Mussar ba tawa ba ce, maƙwabciyata ce ta tafi Tawa jinyar mahaifiyarta ta bar min ita amana da tsohon ciki. Da na kai ta ya lallatsa cikin a hankali ya ce cikin mussa kwana 63 zuwa 65 ne, wannan kam ta kusa, in nemi kwali in shimfiɗa tsummoki masu tsabta a lungun da yara ba sa zuwa. Ita ko ta ƙi kwalin ƙememe, ƙarƙashin gado ta zaɓa.

Cikin dare naƙudar ta zo. Na farko ya fito ta yage jakar da ta lulluɓe shi ta lashe shi tas, ta datse cibiya da haƙori ta cinye mabiyiya, ni dai ina riƙe da tocila ina ta salati. Bayan na biyu sai shiru, ga ciki har yanzu da sauran girma, sai na buga wa likitan waya. "Hajiya, yunƙuri take ko kwance take tana shayarwa?" Na ce kwance. "To ki bar ta, kar ki ja komai." Ya ce hutu tsakanin ɗa da ɗa ba matsala ba ne, wata takan yi awanni, abin tsoro shi ne ta yi ta yunƙuri mai ƙarfi kamar rabin awa ba abin da ya fito, ko ɗa ya maƙale, ko jini mai yawa ko ruwa mai wari. Ya kuma ce in dinga lura, kowane ɗa da mabiyiyarsa, in ɗaya ta saura a ciki tana sa mata ciwo. Kafin asuba huɗu suka cika.

Ƙanwar maigida ta ce a ba ta rabin parasetamol ai ta wahala, likitan yana ji ta waya ya ce a'a wallahi, guba ce ga mussa, hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Da ban kira ba da an ba ta don tausayi.

Inda na fi jin daɗinsa wajen autan ne, ɗan mitsitsi, ƴan uwan suna ture shi daga nono. Ya ce ana haihuwarsu wajen giram 100, kullum kuma ya kamata su ƙara kamar giram 10, wanda bai ƙara ba akwai matsala ko da yana motsi. Ga hunturu, su kuma sati ukun farko ba sa iya ɗumama jikinsu, sai ya sa na zuba ruwan ɗumi a gorar roba na naɗe da zane na ajiye gefensu, ya ce kar in taɓa ba ɗan da jikinsa ya yi sanyi madara sai ya ji ɗumi tukuna.

To amma madarar fa? Babu a kantin. Ya hana Nido da nonon saniya don zawo suke sa su, sai da na zagaya manyan kantunan Plateau kafin in samu ta ƴaƴan mussa, tsada kuwa ba a magana. Bibero ma ba su da shi, sirinji mara allura ya ba ni, duk awa 2 zuwa 3 ina ɗiga masa yana rub da ciki, ba rigingine kamar jariri ba don kar ya shaƙe. Sannan yaron kantin, ranar da likitan ya tafi kasuwar bisashe ta Turaku duba raguna, maganin ƙuma na kare ya miƙo min wai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, mai sinadarin kashe ƙwari na fametirin a ciki kashe mussa yake, likitan da kansa ya faɗa min daga baya, ya kuma yi masa faɗa a gabana. Kar ku karɓi komai hannun yaron in ba likitan ya rubuta ba.

Yanzu duk sun buɗe ido, dama tsakanin kwana 7 zuwa 10 suke buɗewa, autan ma ya kama nono da kansa. Rigakafi sai sun kai wata 2, na haukan kare wata 3. Aikin hana haihuwa ba ya yi, wani wuri yake turawa, ya dai gargaɗe ni tana iya ɗaukar wani cikin tana cikin shayarwa, don haka na kulle ta a ɗaki har mai ita ta dawo ta yanke shawara. In za ku je ku kira shi tukuna, da safe aka fi samunsa.