Hattara da mai sayar da "rinin da ke fito da zanen itace" a jikin MDF

Jama'a masu haɗa ƙananan gidajen kwaikwayo, akwai wani mutum da yake tallata kwalaben rinin katako a intanet, yana cewa shafa ɗaya za ka yi wa allon MDF (allon da ake yi da niƙaƙƙen itace da aka matse) zanen itace ya fito raɗau. Ni ya ci kuɗina, kuma ya lalata mini aikin kusan wata guda. Ba zan kama sunan shafinsa ba, don sunan ba shi da amfani: sau biyu ya canza shi a kan idona.

Bidiyonsa ne ya ja ni. Hannu ne kawai ake gani, da farin tsumma, da bangon wani ɗan gida. Yana gogawa sai ga layukan itace suna bayyana, masu duhu da masu haske, kamar tsohuwar ƙofa. Na daɗe ina neman irin wannan don wata ƙaramar tashar jirgin ƙasa da nake haɗawa a ma'aunin 1:87 (wato an rage girman ta gaske sau 87), wadda aka yanko da na'urar lesa daga allo mai kaurin milimita 3. Da na yi masa magana sai ya ce in biya shi kai tsaye, ba ta cikin dandalin cinikin da yake tallar ba, wai zai yi mini ragi. A nan na fara faɗawa rami. Kuɗin da aka tura ta bayan fage, dandali ba ya bin kadinsa.

Kwalbar ta iso ba suna, ba jerin abin da ke ciki, ba gargaɗin komai, sai wata lamba da aka rubuta da biro a kan murfi. Na shinshina, babu warin sifirit, babu na mai. Ya kamata in tsaya a nan. Amma ɗoki ya hana ni, na tsoma buroshi na bi doguwar katangar tashar.

Kafin minti goma fuskar allon ta yi burɗi-burɗi kamar tawul. Gefunan suka zuƙe ruwan suka yi baƙi ƙirin, tsakiya kuwa ta yi dabbare-dabbare. Duk inda gam ya taɓa lokacin da na manna tagogi ya fito fari fat. Da safe na tarar katangar ta lanƙwashe, 'yan haƙoran da ake zurawa cikin ramukan allon ƙasa sun kumbura, ko ɗaya bai shiga ba. Zanen itace kuma ko alamarsa.

To ai ba zai fito ba, kuma wannan shi ne abin da nake so kowa ya riƙe. MDF ba falanki ba ne da aka tsago daga gungume. Itace ake niƙewa ya zama zare-zare masu laushi, a cakuɗa da gam na masana'anta da ɗan kakin da ke rage shigar ruwa, a matse da zafi har ya zama allo mai nauyin kilo 600 zuwa 800 a kowace mita kubik (tsawo, faɗi da tsayi mita ɗaya-ɗaya). Layukan da kake gani a jikin katako na gaske sawun girman bishiya ne, rini yana fito da su ne saboda wani sashen ya fi wani sha. A MDF an riga an niƙe wannan sawun. Abin da babu shi, wace kwalba ce za ta fito da shi?

Na zuba ragowar a murfin gwangwani na bar shi ya bushe. Sai ya bar wata 'yar fata mai ɓamɓaruwa kamar leda. Fentin akirilik ne ruwan ƙasa aka tsinka da ruwa, shi ke nan. Shi kuwa MDF ba abin da ya tsana irin ruwa, idan ya kumbura ba ya komawa yadda yake.

Da na tura masa hotuna, amsarsa ta fi rinin ban haushi. Wai laifina ne, ban sayi "kwalba ta ɗaya" ba, wadda ke buɗe jikin allon. In sake turo kuɗi. Na ce ya aiko mini da takardar bayanan sinadari, wadda kowane kamfanin fenti na ƙwarai yake bayarwa. Daga nan ya toshe ni.

Bayan sati biyu sai ga bidiyon nan a wani sabon shafi. Wannan karon na tsayar da shi daidai inda hannun ya juya bangon, na ƙara girman hoton. Gefen allon hawa uku ne, haske, duhu, haske. Filawud ne, wato siraran fatun itace da aka manna hawa-hawa. Shi dama yana da fatar itace ta gaske a sama, ko ruwan shayi ka shafa masa zanen zai nuna. Gefen MDF bai da hawa-hawa, launi ɗaya ne, in kuma lesa ce ta yanka shi sai ya yi ƙuna mai duhu.

Kada wani ya ɗauka duk rini mai ruwa yaudara ne. Akwai masu sayar da shi tsakani da Allah, sun rubuta abin da yake a jikin kwalba, kuma yana aiki a katako. Ƙaryar tana cikin alkawarin.

Tashar da na sake haɗawa, ga yadda na bi da ita. Na yi gwaji a kan firam ɗin da ake ɓalle sassan daga ciki, tunda allo ɗaya ne. Zanen na ƙirƙira da kaina, na karce fuskar da buroshin waya ta fuska ɗaya, sanye da takunkumi saboda ƙurar MDF tana da illa in an shaƙa. Na yi amfani da rini mai sifirit, kaɗan-kaɗan, gaba da baya, kafin gam ya taɓa ko'ina, sannan na danne sassan da littattafai har suka bushe.

Sabon shafin nasa yana nan yana karɓar oda. Alamarsa ba ta canza ba: farin tsumma, kwalba mara suna, sharhi a rufe, da "ragi in ka biya kai tsaye". Na kai ƙararsa wurin masu dandalin tare da hoton gefen allon nan. Wanda ya ci karo da shi, shi ma ya danna ƙara.