Shagon buga kayan suna a Gombe da gardamar “Dada” da “Daada”

A makon da matata ta haihu na kai aikin kayan suna wani shagon ɗab'i da ɗinkin kwamfuta da ke kusa da Babbar Kasuwar Gombe, kuma tun daga ranar suna dangi da abokai suke tambayata ko wurin ya isa a kai masa aiki. Ya isa, ko da yake a garin nan akwai shagunan da suka fi shi araha, akwai kuma waɗanda suka fi shi sauri. Abin da ya sa nake yaba masa shi ne mai shagon ba ya buga suna sai ya ji yadda masu shi suke faɗarsa da baki, kuma wannan ɗabi'a ita ce ta raba mana gardamar da muka kwana uku muna yi a gida.

Ni Bafulatani ne daga wajen Dukku, matata kuwa Bahaushiya ce 'yar Bauchi, saboda haka yaranmu da harsuna biyu suke tashi. Wannan jaririya an yi mata huɗuba da sunan mahaifiyata, sunan da ni ba na kamawa, balle matata da ko da wasa ba za ta ambaci sunan surukarta ba. Dole ke nan a nemi sunan alkunya, kuma babu wanda ya yi jayayya da aka ce a riƙa kiranta da kalmar da Fulanin nahiyarmu suke kiran uwa da ita. Sunan yanka shi ne zai shiga takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da rajistar makaranta, amma laƙabin shi ne za a ɗinka a shawul da tawul, a kuma buga a jakunkunan rabo da mata za su tafi da su gidajensu. A nan ne aka rabu.

Matata ta ce a rubuta “Dada”, kuma hujjarta tana da ƙarfi, domin rubutun boko na Hausa ba ya nuna tsawon wasali: da “gari” na mutane da “gari” na tuwo duk rubutunsu ɗaya ne, mai karatu ne yake gane wanda ake nufi. Ta ƙara da cewa haka jaridu suke rubuta sunan Hajiya Dada, mahaifiyar marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, kuma ba a taɓa jin Bahaushen da ya kasa karanta shi ba. Ni kuma na tsaya a kan “Daada”, saboda rubutun Fulatanci, musamman tun bayan taron masana da UNESCO ta shirya a Bamako a 1966, yana ninka wasali idan dogo ne, shi ya sa ake rubuta “baaba” da “pulaaku” da “a” biyu a jere. Ƙannen matata 'yan jami'a sun kawo nasu, wato “Dadah” da “Daddah”, irin salon da ya cika Facebook inda Amina ta koma “Meenah”, Ummi ta koma “Ummee”. Wannan na ƙi shi tun daga farko, don “h” ɗin da ake liƙawa babu wanda yake furta shi, ninka “d” kuwa wata kalma ce daban take haifarwa.

Da na isa shagon ranar kwana huɗu da haihuwa, na miƙa takardar da na rubuta rubutun duka huɗu, na ce zan yanke shawara kafin a fara. Mai shagon, dattijo mai natsuwa, ya yi mana barka, sannan ya ce, “Malam, Allah ya raya. Faɗa mini sunan yadda kakarta za ta kira ta.” Na faɗa. Ya sa na kira matata a waya ita ma ta faɗa, ya saurara, ya ce ai bakinku ɗaya, alƙalaminku ne ya bambanta. Daga nan ya rubuta “Dada” da “Daada” da manyan haruffa a takardu biyu, ya ba yaran shagonsa da wasu masu jiran aiki su karanta ba tare da ya gaya musu komai ba. Hausawan da ke wurin sun karanta duka biyun daidai. Wani Bafulatani mai sayen kalanda ya gajarta wasalin na farkon, ya ja na biyun yadda ya kamata. Wata mata Bayarabiya kuwa da ta ga “Dada” sai ta tambaya ko jaririn da cukurkuɗaɗɗen gashi aka haife shi, domin a wurinsu sunan da ake ba irin wannan yaro ke nan. Gwajin bai wuce minti goma ba, amma ya nuna mana cewa rubutu ɗaya ne kaɗai, wato “Daada”, ba ya ɓatar da kowa daga dangin biyu. Matata da na ba ta labari ta yi dariya ta ce, “To Baban Abba, ka ci, amma kai za ka biya kuɗin harafin da ka ƙara.”

Maganarta ta zama gaskiya, don kuɗin ɗinkin kwamfuta da yawan sukan allura ake lissafa shi, harafi biyar kuwa ya fi huɗu cin zare. Bambancin bai taka kara ya karya ba, kuma an gaya mini shi tun kafin in biya kafin alƙalami, abin da ba kowane shago yake yi ba.

Wani abin da ya kamata masu kai aiki su sani shi ne batun haruffa masu ƙugiya. A jikin jaka mun so a rubuta “Mun gode ƙwarai, Allah ya ƙara danƙon zumunci”, kuma a ɗab'i babu wata matsala, duk ƙ ɗin da ke ciki sun fito tsaf. Sai dai yawancin salon rubutu masu ado da ke cikin kwamfutarsu ba su da waɗannan haruffa, inda ya kamata ƙugiya ta fito sai ka ga ɗan akwati ko wani harafi da bai yi kama da 'yan'uwansa ba, saboda haka zaɓinmu ya taƙaita ga salo kaɗan marasa ƙawa. Na'urar ɗinkin ita ma haruffan da ta zo da su na Turanci ne, idan ana son ƙugiya sai an zana ta da hannu a kwamfuta tukuna, wanda yake ƙara lokaci da kuɗi. Mai shagon bai ɓoye wannan ba, kuma bai ba ni shawarar in haƙura da ƙugiyar ba kamar yadda aka saba yi a wasu wuraren, inda ake buga wa mutane “kara” a maimakon “ƙara” ba tare da ko a jikinsu ba.

Ƙugiyar ce ma ta kusa jawo mana ɓarna. Yaron da aka ba tsara sitika, saboda an sha yi masa faɗa a kan mantawa da ita, sai ya ga dama ya gyara mana sunan ya mayar da shi “Daaɗa”, yana zaton daga “daɗa” ta ƙari aka samo shi. Abin da ya cece mu shi ne ƙa'idar shagon ta cewa ba a buga komai sai an turo wa mai aiki hoton samfuri ta WhatsApp ya amince a rubuce. Na gani da daddare na kira, aka gyara kafin a ɓata ko takarda ɗaya. Duk wanda zai kai aiki nan ya duba samfurin harafi bayan harafi, kada ya tsaya a kallon furanni.

Inda shagon ya gaza shi ne alkawari. An ce mu zo ranar kwana shida da hantsi, amma jakunkuna 100 da sitika 200 ba su fito ba sai bayan isha'i, wai saboda ɗaukewar wuta da janareto da ba ya ɗaukar babbar na'ura. Mata sun raba dare suna liƙa sitika a robobin cincin. Launin da muka zaɓa a fuskar kwamfuta shuɗi ne mai haske, wanda ya fito a jaka kuwa ya fi duhu sosai. Wurin jira ma matsattse ne, benci ɗaya ne kawai. A ɗaya ɓangaren, ɗinkin shawul da tawul huɗu ya yi kyau, an sa masa abin tallafi mai laushi ta baya don kada ya kankare fatar jaririya, kuma bayan wanki da yawa zaren bai saki ba. Sun kuma riƙe mana sirri, babu hoton kayanmu da ya hau shafinsu na talla kafin liman ya raɗa suna da safe.

Ranar suna na kai wa mahaifiyata shawul ɗin ta ga takwararta a ciki. Ita ba ta karanta boko, sai ajami, don haka ta shafa haruffan da yatsa ta tambaye ni ina alifin yake. Na nuna mata “a” biyun da ke jere na ce ga shi nan, ta gyaɗa kai ta ce to an rubuta daidai. Ta roƙi a yi mata wani da dal da alif da dal, kuma na riga na koma shagon na ba da aikin, amma wannan karon na ƙara kwana biyu a kan ranar da suka yi mini alkawari.